Baturiya ko Falgore: Ina Za Mu Kai Kuɗin Tafiyar Bana?

Tun da aka fara yankan gero muke ja-in-ja a kan magana ɗaya. Mu 9 ne daga ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Gaya muka mai da kallon tsuntsaye abin yi: malaman makaranta 4 har da ni, ma'aikacin asibiti ɗaya, tela, ɗalibai biyu, sai wani dattijo tsohon maharbi da ya daɗe da rataye bindiga, wanda duk muke ce wa Baba. Kowane wata muna zuba abin da ya sawwaƙa kamar 'yan adashe, don mu ɗauki shatar mota sau ɗaya a shekara mu je wurin da ya fi fadamar bayan gari. Kuɗin ba sa wuce tafiya ɗaya. Bana kai ya rabu, wasu sun ce Baturiya, wasu sun ce sai dajin Falgore.

Na taka duka biyun, kuma ba zan ɓoye inda na karkata ba. In dai tafiyar ta hunturu ce, kuma akwai sababbin shiga a cikin ayari, Baturiya za a nufa. Amma masu son Falgore ba da ka suke magana ba, akwai ma lokacin da ni da kaina zan bi bayansu. Shi ya sa na ga gara in baje maganar a faifai, don na san ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba.

Baturiya tana ƙaramar hukumar Kirikasamma, gabas da Haɗejiya, a cikin babban dausayin nan da ya miƙe daga Haɗejiya har Nguru. Kogin Haɗejiya da na Jama'are ne ke gangarowa su tarar da tsofaffin jigayin rairayi sun gitta musu, sai ruwan ya rasa hanya ɗaya, ya rarrabu rassa-rassa ya kwanta tsakanin tuddai, kafin abin da ya saura ya taru ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Daga nan aka samu tafkuna, fadamun shinkafa, kurmin gabaruwa da gindinsa a cikin ruwa, goruba da aduwa a kan tudu. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin manyan dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, sannan Baturiya da Dagona ta jihar Yobe suka biyo baya a 2008. Ire-iren tsuntsayen da aka rubuta a dausayin gaba ɗayansa sun haura 370.

Falgore kuwa dajin tudu ne, kudu da birnin Kano da kamar kilomita 150, hanyar Jos ta ratsa ta cikinsa. Ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000. Ruwan sama ya fi sauka a can nesa ba kusa ba, shi ya sa itatuwan ma daban ne: doka, maje, kawo, maɗaci, ƙirya, kaɗanya, ga duwatsu, ga kurmi mai duhu a bakin rafuka. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga wurare 10 su zama gandun daji na ƙasa, kuma Falgore da dausayin Haɗejiya duk suna ciki. Akwai ma zumuncin da ya fi wannan. Da can sunan Falgore gandun Kogin Kano, domin kogin ta cikinsa yake bi ya zuba a dam ɗin Tiga, ya fito ya haɗu da Challawa ya zama kogin Haɗejiya. Wato ruwan da muke tsallakewa a gadar Wudil daga Falgore ya fito, Baturiya za shi. Mu da muke tsakiya, kamar an tambaye mu ne ko mu bi kogin sama ko mu bi shi ƙasa.

Wanda ya bi shi ƙasa, idonsa ne zai yi aiki. Wanda ya bi shi sama, kunne zai fi yi masa amfani. A nan duk sauran bambancin ya samo asali.

Bari in faɗi yadda safiyar Baturiya take a watan Janairu. Kafin rana ta fito sosai za ka ji fiton kirinjijiya, sai ka ga sun taso garke-garke suna juyi a sama, fararen fuskokinsu na ɗaukar haske. Dinya na can gefe a tsaye, manya-manya kamar ba za su iya tashi ba. Ga zalɓe ya dasa ƙafa a ruwa bai ko motsi, ga balbela, ga jinjimi da baƙin kansa da lanƙwasasshen baki yana caccakar laka, ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Waɗannan 'yan gida ne. Abin da ke kai mutane can shi ne baƙin: tsuntsayen da suka yi ƙwai a Turai da Rasha, sanyi ya koro su, suka tsallako Bahar Rum da Sahara, kuma wannan dausayin na cikin manyan ruwayen farko da suke tararwa bayan hamada. Akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin zane a saman ido kamar an ja masa gira da alli. Akwai wata mai siririn wuya da wutsiya mai tsini. Akwai wani shaho mai dogayen fukafukai da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar kacalla, duk inda ya gifta sai ƙananan su watse. Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne wasu 'yan bakin ruwa masu launin toka-toka, da ke sauka da yawan gaske a gonar shinkafar da aka girbe suna tsintar ƙwaya. A nan ba su da wani ado. Amma idan sun koma arewa lokacin aure, namijin yakan fitar da wani tulin gashi a wuya kamar an naɗa masa rawani. Mu da ke nan kayan aikinsa kawai muke gani, kayan sallarsa sai mutanen can.

Ga dalilin da ya sa nake cewa a kai sababbin shiga can. Mu 9 madubin hangen nesa 3 gare mu. A Baturiya tsuntsu yana fili, yana zaune a kan ruwa, yakan yi rabin awa bai gusa ba. Za ka saita madubi ka miƙa wa ɗalibi, ka ce masa ya duba hagu da waccan gorubar, ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, kowa ya gani ya ƙoshi. Mutum yakan koyi bambanta agwagi kala 4 ko 5 a safiya ɗaya, kuma ya tafi gida da abin da zai ba iyalinsa labari. A nan ne kuma ake koyon ƙirga garke: ka ƙirga 10, ka auna girman gungun da ido, ka riƙa aza shi a kan sauran har ka kai ƙarshe, sannan ka gwada lissafinka da na abokinka.

Baturiya tana da nata cikas, kuma wanda bai san su ba yakan dawo da ɓacin rai. Na farko kacalla. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa dausayin ya canza: babbar ambaliyar da kan zo ta janye ta ragu a shekaru da dama, ga kuma ruwan da ake saki yana gudana har cikin rani. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. Ga mai kallon tsuntsu, katanga ce da ta fi mutum tsayi. Kana jin hayaniyar agwagi a bayanta, ba ka ganin ko ɗaya, sai ka samu mai kwalekwale da ya san ɓarauniyar hanya. Na biyu hazo. Ranar da ya sauka sosai, abin da ya wuce jifa biyu ya zama inuwa kawai. Na uku, ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya kowace shekara. Tafkin da ya cika da tsuntsaye bara, bana sai ka tarar an shuka alkama ko barkono a cikinsa. Don haka ba a tashi sai an buga waya an tambayi mutanen wurin ina ruwa yake kwance a makon nan.

Falgore ba ta yi wa baƙo irin wannan tarba. Za ka shiga ƙarƙashin doka ka yi tafiyar minti 20 ka ce dajin ba kowa, alhali suna kanka suna kallonka. Sai ka tsaya, ka yi shiru, sannan dajin ya fara magana. Da asuba, in an yi sa'a, ana jin gunjin burtu daga nesa kamar ana buga babbar ganga a hankali. Kazar dutse na kiran junansu a gindin duwatsu, fakara na tsaga safiya da kururuwa. A kurmin bakin rafi akwai wani tsuntsu mai launin shuni da jan kai da jan baki da goshi rawaya, wanda ba ka sanin kyansa sai ya buɗe fiffike ka ga ja jawur kamar garwashi. Akwai ƙaramin aku kore mai kai toka-toka da ciki ruwan lemo, wanda da yawanmu a keji kawai suka taɓa ganinsa. A gaɓar kogi inda ƙasa ta zabge za ka ga ramuka jere, gidajen wasu korayen tsuntsaye ne masu jan maƙogwaro da ke cafke zuma da fara a sama. Idan ɓaure ya nuna, ka samu gindinsa ka zauna, rabin tsuntsayen unguwar za su zo su same ka. Can sama kuma, in rana ta yi zafi, ka riƙa ɗaga kai ko gaggafa za ta gifta, da gajeriyar wutsiyarta da yadda take karkata hagu da dama.

Yawancin waɗannan ba za ka same su a Jigawa ta gabas ba, ba kuma za ka same su a gonakinmu ba, domin dajin da suke so mun sare shi tun zamanin kakanni. Wannan ita ce babbar hujjar masu son Falgore, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ma'aikacin asibitin nan namu ya ce agwagwar Turai kowace shekara za ta dawo, amma dajin doka kullum raguwa yake, ga masu gawayi ga masu katako, gara mu gan shi tun yana nan. Ban iya musa masa ba.

Sai dai ganin tsuntsu a Falgore na ƙiftawar ido ne. Ya ɓullo tsakanin ganye, ka ɗaga madubi, ya tafi. Ba zancen miƙa wa na kusa da kai. Mutum 9 kuma ba sa tafiya shiru a kan busasshen ganye, komai ƙoƙarinsu. Dajin nan na mutum 3 ne ko 4, kowa da madubinsa, kuma aƙalla ɗaya ya san kuka. A cikinmu Baba ne kaɗai zai ji sauti ya ce wane ne, ya kuma faɗi ko yana ci ne ko ya ga maciji.

Lokaci ma ya raba su. Baƙin Baturiya sukan fara isowa wajen Satumba da Oktoba, su cika daga Disamba zuwa Fabrairu, su fara komawa a Maris da Afrilu. Da damina hanyoyin can sukan yanke, wanda ya ga ambaliyar 2022 a masarautar Haɗejiya ba sai an yi masa bayani ba. Falgore kuwa ta fi daɗi a farkon damina, Mayu zuwa Yuni, lokacin da shamuwa ta dawo gari, itatuwa sun yi sabon ganye, ciyawa ba ta rufe mutum ba tukuna, kowane tsuntsu yana rera kukan neman aure. A Janairu, lokacin da kuɗinmu ke cika kuma aikin gona ya yi sauƙi, sau da yawa za ka tarar an cinna wa dajin wuta, ƙasa baƙa, tsuntsaye sun yi tsit sun taru a bakin sauran ruwa. Ana ganin abubuwa, amma ba a ga Falgore a ranar kwalliyarta ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika kawo shi cikin lissafi ba: in an ga abin da ba a saba gani ba, wa za a faɗa wa, kuma yaya?

Daɗin wannan sha'awa tamu rabinsa a ba da labari yake. Ka ga baƙon tsuntsu, hannunka na rawa ka tura wa 'yan uwa a WhatsApp. A Baturiya wannan ba laifi, alheri ne ma. Abin mamaki a can yawanci baƙo ne da ya ɓuya a cikin dubban 'yan uwansa, wata agwagwa da ba ta cika zuwa ba, ko farar shamuwar Turai, ko wani ɗan bakin ruwa da ya bambanta da na kusa da shi. Irin wannan yakan yi kwanaki a wuri ɗaya, don haka in ka faɗa, wani zai iya zuwa ya tabbatar. Ana kuma samun sukunin kafa hujja: ka ɗora kyamarar waya a kan idon madubi ka ɗauki hoto, ko da dishi-dishi ne, ka rubuta rana da lokaci da wuri, ka siffanta baki da ƙafa da fiffike a littafinka tun kafin ka buɗe littafin hotuna, don kada hoton littafi ya shafe abin da idonka ya gani. Sannan ka kira mutum na biyu ya duba ba tare da ka faɗa masa sunan da kake zato ba. Wani lokaci masunta sukan nuna maka zoben ƙarfe da suka cire a ƙafar tsuntsun da ya faɗa koma, da lamba da rubutun wata ƙasa a jiki. Ka ɗauki hotonsa, domin masu bincike ne suka sa shi, kuma lambar nan tana faɗin inda tsuntsun ya fito.

A Falgore abin mamaki ba baƙo ba ne, ɗan gida ne da ya kusa ƙarewa. Burtu, mikiya, ungulu, tuje, aku. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san da mahauta ba ta rabuwa da ungulu, yau yaranmu sai a karin magana suke jin sunanta. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa ungulun nan tamu a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cinikin kai da ƙafa da ƙwanta don haɗa magani na cikin manyan dalilai a ƙasar nan. Aku ana kwashe 'ya'yansa daga kogon itace a kai kasuwa. Burtu kuwa, kowa ya san yadda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji, ga shi tsuntsu ne da ba ya yawan haihuwa. Waɗannan suna da itacen kwana ɗaya, sheƙa ɗaya, shekara da shekaru. Ranar da muka fara zancen nan na tambayi Baba ko da gaske saƙon waya zai iya kai maharbi gindin itace. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ƙafa muke neman labarin nan, mu kwana uku a daji. Yanzu ku za ku kai musu har ɗaki." Tun daga ranar muka yi ƙa'ida: irin waɗannan ana faɗar an gan su, ana faɗar ƙaramar hukuma, amma ba a faɗar itace, ba a tura alamar taswira, ba a sa hoton da dutse ko gadar da ke bayansa za ta tona wurin. Cikakken bayani sai ga malaman daji da masu bincike da muka sani ido da ido.

Wannan ƙa'ida tana da wuyar riƙewa ga wanda ya fara jiya, don zumuɗi ba ya shawara. Shi ma dalili ne da ya sa nake so ɗalibanmu su fara da wurin da za su yi shelar abin da suka gani ba tare da sun jawo wa kowa asara ba. Tsuntsu ɗaya ne a dausayi da ƙa'idar Falgore ta hau kansa: gauraka. Ita ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, amma kamawa don ajiyewa a gidajen masu hali da lalacewar fadamu sun sa ganinta a sake ya zama abin tarihi. Wanda Allah ya nuna masa ita a can, ya yi hamdala ya kama bakinsa.

Akwai wata hujja kuma da ke taimakon Falgore. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mai sa kai ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk abin da ya gani ko ya ji, yawanci da manhajar BirdLasser, ya tura. Dausayin Haɗejiya da Nguru ya daɗe da samun masu ƙirga, musamman a ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu a ƙasashe da dama. Dazukan kudancin Kano ba su samu ido kamar haka ba, saboda haka awa 2 a gefen Falgore na iya cike giɓin da ya fi girma. Kuma taswirar gida take nunawa, ba itace ba, don haka ba ta karya ƙa'idarmu.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Mutane na ɗauka Falgore ta fi arha don ana iya zuwa a dawo rana ɗaya. Amma tsuntsun daji da sassafe ake samunsa, kuma ba mai hankalin da zai bi wannan hanya cikin dare don ya isa da asuba. Dole a kwana a Tudun Wada ko wajen Tiga. Baturiya ma kwana ake a Haɗejiya, mai nisan kusan kilomita 200 daga Kano, a fita bayan sallar asuba. Abin da ta ɗara da shi kuɗin kwalekwale ne da na babur in mota ta kasa rairayi. Duka biyun akwai sallamar ɗan jagora, kuma kada a yi masa ƙwauro.

Tsaro ne ba a gaggawa a kansa. Falgore ta yi shekaru da sunan maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya da masu garkuwa da mutane. An kai sojoji, har suna da filin atisaye a dajin, abubuwa sun yi sauƙi a lokuta da dama, amma labarin daji na wannan wata ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ba a shiga sai da izinin hukumar da ke kula da gandun, da malamin daji a gaba, da sanin jami'an tsaron yankin. A tuna kuma mutum da madubin hangen nesa da kyamara a dajin da sojoji ke ciki, in ba takarda a aljihunsa, zai sha tambayoyi kafin a gane tsuntsu ya kawo shi. A tsaya kusa da hanya, a fito kafin la'asar. Wannan yana nufin an haƙura da mujiya da yautai, waɗanda sai da duhu suke fitowa.

Haɗarin Baturiya na ruwa ne. Kada a cika kwalekwale, gara a yi sawu biyu, kuma a nemi rigar ruwa ko da aro ne. Kada a shiga ruwan kwance da ƙafa ba dalili, saboda tsargiya. A tafi da gidan sauro. Tsuntsun da aka tarar matacce ko yana layi ba a taɓa shi, a sanar da malaman dabbobi, domin tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan ba ta daina dawowa ba. Lokacin kaka kuma akan samu saɓani tsakanin manoma da makiyaya a wajajen Guri da Kirikasamma, shi ma a tambaya kafin a tashi. Duk da haka, da na je neman izinin iyayen ɗalibanmu biyu, da na ce Haɗejiya sai aka ce Allah ya kiyaye hanya. Na tabbata da Falgore na ambata da zaman ya fi haka tsawo.

Abu ɗaya da zan roƙi duk mai zuwa dausayi: a fara da gaisuwa a ƙofar bulama ko mai unguwa, kuma a iya baki. Manomin da jan-baki ya kwana a kacalla ya wayi gari a gonarsa, wanda 'ya'yansa ke wuni suna kaɗa gwangwani da igiya don su tsirar da shinkafa, ba ya kallon tsuntsu yadda muke kallonsa. In ka zo kana yaba garken da ya cinye masa abinci, ka ɓata rawarka da tsalle. Ka fara jajanta masa, ka tambaye shi wane iri ne ke ɓarna wane ne ba ya yi. Za ka tarar ya fi ka sanin lokacin zuwan kowanne da tafiyarsa, kuma shi ne zai kira ka wata rana ya ce ga wani baƙo ya sauka da bai taɓa gani ba.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba, gonakin noman rani na Kadawa da Kura da bakin dam ɗin Tiga suna samun rabonsu na baƙin hunturu, kuma ana zuwa a dawo a wuni.

Mu dai mun tsayar da magana a zaman da muka yi ranar Lahadi. Ayari duka zai tafi Baturiya a mako na biyu na Janairu: a tashi bayan sallar Juma'a, a kwana Haɗejiya, Asabar a wuni a kan ruwa, Lahadi da safe a ƙara zagaye ɗaya a gefen gabaruwa sannan a kamo hanya. Ma'aikacin asibitin da ni da wani malami ɗaya za mu je Falgore a watan Yuni da kuɗin aljihunmu, in labarin hanya ya yi kyau, kuma Baba ya ce zai bi mu in gwiwa ta bar shi. An ba ni aikin rubuta takardun neman izini guda biyu. Telan kuma ya ce akwai ɗan uwansa a Kano da ke da madubi, zai je ya roƙo mana aronsa ya zama na huɗu.